Baƙin mai da ranar juye a motar gas

Da sanyin safiyar wata Talata aka jawo mini Hilux da igiya daga wajen Bokkos, bayanta cike da buhunan dankali da ba su kai kasuwar Farin Gada ba. Injin 2KD ne, ɗan lita biyu da rabi. Mai motar ya ce fitilar mai ta kama a hanya, kafin ya sami inda zai raɓe ya ji injin yana ƙwanƙwasa. Na sa yara suka kwance kaskon ƙasa, na zura hannu na ɗebo abin da ke ciki. Ya daskare kamar kwalta, ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, sai 'yar kafa da ba ta kai ƙwayar gero uku ba. Na nuna masa tafin hannuna na ce, “Alhaji, yaushe rabonka da juye?” Ya rantse wata biyu bai cika ba. Na yarda da shi, domin ya ɗauko mini ragowar man a bayan kujera. Galan ɗin na babban kamfani ne, amma abin da ke ciki tsohon mai ne aka tace aka ɗura, aka manne murfin da gam.

Shekara 26 ke nan ina wannan sana'a a Jos, garejina kuma motocin gas, wato dizal, masu ja da ƙafa huɗu kawai yake karɓa: Hilux, Land Cruiser, Prado, sai jefi-jefi L200 da Patrol. A gaban wani dattijo na koya, a nan wajen Dilimi, Allah Ya jiƙansa da rahama. Shekara biyu na yi ina wanke kayan inji da kananzir kafin ya bar ni na ɗaura noti ko guda. Shi ya koya mini ɗiga mai a kan farar takarda. Za ka zaro gejin mai injin yana da ɗumi, ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka ajiye takardar a inuwa har ta sha. In man yana da sauran rai, baƙin zai bazu daidai wa daida. In ya mutu, sai ka ga baƙin ya dunƙule a tsakiya wuri guda. In kuwa gas na zurarewa cikinsa, za ka ga wani zobe fari-fari ya yi nisa a gefe. Yakan riƙe takardar ya ɗaga ta sama wajen haske ya ce, “Yaro, karanta mini.” In na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya sake miƙo mini gejin. Har yau da kwalin farar takarda a aljihun teburina, kuma duk yaron da zan yaye sai ya iya karanta ta.

Abu na farko da nake so masu mota su daina shi ne sayen mai da kauri. Mutum zai murza a yatsa ya ce wannan ya fi jiki, shi zan saya. Lambar da ke jikin galan ita ke magana. A 15W-40, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu injin yana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne in ya ɗau zafi har digiri 100. Mu nan Jos lambar farkon ba ƙawa ba ce. A Disamba da Janairu da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, kuma mai ɗan lamba 40 zalla, wanda direbobi da yawa suka saba da shi tun zamanin tsofaffin roka, sai ya yi nauyi kamar zuma. Kafin ya hau kan inji ya kai ga tobo, na'urar nan da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfe ya riga ya gogi ƙarfe. Wannan 'yan daƙiƙun na kowace safiya su ke cinye injin a hankali.

Sai haruffan API, wato alamar ajin mai da ake bugawa a jikin galan. Wanda ya fara da S na motar fetur ne, wanda ya fara da C na gas ne. Ga 1HZ na Land Cruiser, ɗan lita 4.2 mai silinda shida, da 5L, da 1KD da 2KD waɗanda ba su da matacin hayaƙi, 15W-40 mai CH-4 ko CI-4 nake zubawa, irin su Rimula ko Delvac ko Rubia, daga wajen dilan da na sani ido da ido. Amma in motar 'yar Beljiyam ce da ta zo daga Turai da matacin hayaƙin nan da ake kira DPF a salansarta, kamar yawancin masu injin 1GD na 2015 zuwa sama, to magana ta canza. Tana son mai marar toka da yawa, 5W-30 mai alamar C2 ta ma'aunin Turai, ko abin da littafinta ya rubuta. Ka zuba mata na tsohon inji, tokar ta taru a matacin, wata rana ta ƙi wuce gudun keke. Kafin na buɗe galan sai na leƙa ƙarƙashin mota na ga me ke jikin salansar, domin biyu za su zo iri ɗaya sak a ido, cikinsu daban.

Inda muke yawan ja-in-ja da masu mota shi ne ranar juye. Mutum zai ce littafi ya ce kilomita 10,000. Gaskiya ne ya ce, amma in ka buɗa gaba kaɗan, littafin nan ya ware wa motar da ke aiki cikin ƙura, ko jan kaya, ko yawan tsayawa injin na kunne, kilomita 5,000. To wace mota ce a Filato ba ta cikin wannan layi? Hunturu ya zo ƙura ta rufe gari. Masu shiga ramukan kuza wajen Barikin Ladi da Bukuru a jar ƙasa suke wuni. Masu ɗaukar dankali da kabeji suna hawo Hawan Kibo da giya ta biyu, bodi ya zauna a kan taya. Ga shi garin yana sama da mita 1,200 daga teku, iska ba ta da nauyi, injin da ba shi da tobo kamar 1HZ ya fi yin hayaƙi, wani sashe na wannan baƙin kuwa cikin mai yake ƙarewa. Sannan man gas ɗin da muka daɗe muna sha a ƙasar nan farar wutarsa ta ninka ta Turai nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke haɗuwa da danshi ta zama ruwa mai cin ƙarfe a cikin kasko. Saboda haka ƙa'idar garejina kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta kowane juye. Motar ofis da direba ke kunna wa sanyi yana jiran oga awa uku a bakin taro, ita ma kafin lokacin nake kiranta, domin mita ba ta ƙirga wannan aikin.

Filta ma ta zama abin da ta zama. Na taɓa yanka guda biyu da zarto a gaban wani mai mota da ke ta yi mini ciniki, yana cewa a can ƙasan layi rabin kuɗin ake yi. Ta gaskiyar takardarta a ninke take tsaf, ninki kusa da ninki, ga bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. Ɗayar kuwa wata 'yar takarda ce kamar ta kwali, an liƙa ta da gam ta riga ta ɓare a gefe, bawul babu. Fenti ɗaya, rubutu ɗaya, kwali ɗaya. Masu wannan aika-aika su ke sa a riƙa kallon mu masu aikin gaskiya kamar mun cika tsada. Shi ya sa a wurina gaban mai mota ake fasa murfin galan, in an gama kuma a huda shi da sukundireba kafin a jefar, don kada ya koma hannun masu ɗurawa.

Akwai wani abu a 1KD da ba kowa ke dubawa ba. Wasan jan ƙarfe, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashin nozul mai fesa gas cikin inji, in ya gaji, hayaƙin wuta yana kutsawa cikin mai ya dafa shi, ya toshe ragar famfo ko da man na gaskiya ne. Don haka duk 1KD da ta shigo mini juye, bayan man ya tsiyaye sai na haska tocila ta kafar kaskon na dubi ragar. Minti biyu ne. Na sha tsare mutum a nan, ya tafi da canjin wasa huɗu maimakon sabon inji.

Sauran aikin ba ya buƙatar dogon bayani. A tsiyaye ruwan da ke taruwa ƙarƙashin filtar gas, a canza filtar iska in ta cika maimakon a yi ta busa ta har ta yage, a ɗura giris a farfela, a duba man giya da na akisal, musamman da damina in motar ta ratsa rafi, don in ya koma kalar madara ruwa ya shiga. In ka hawo tudu da kaya, ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe, tobo ta huce.

Hilux ɗin Bokkos kwana tara ta yi a wurina. Aka gyara karanshaf, muka sa sababbin metal ɗin da karanshaf ɗin ke juyawa a kansu, na wanke duk hanyoyin mai da hannuna, ban bar wa yaro ba. Da Alhaji ya zo ɗauka na rubuta masa lambar mita da kwanan wata a ɗan kati na rataye a jikin sitiyari, kamar yadda nake yi wa kowa. Yanzu motocinsa uku duk nan ake kawo su, kuma direbansa kan bugo mini waya tun saura kilomita 300 ya ce, “Baba, a ajiye mana wuri ranar Asabar.”