Abin da ke sa masu korona rasuwa a ɗakin kulawa ta musamman

Shekaru su ne kan gaba. Wanda ya haura 65, musamman namiji, ya fi shiga haɗari, balle in ciwon suga, hawan jini, ƙiba ko ciwon ƙoda sun haɗu masa.

Gwajin jini kuwa shi ke tona asiri tun kafin jiki ya nuna. A wani bincike a birnin Wuhan na ƙasar Sin a farkon 2020, cikin majinyata 191, 54 sun rasu, kuma waɗanda sinadarin D-dimer ɗinsu, wanda ke nuna daskarewar jini, ya wuce maikirogiram 1 a mililita sun fi mutuwa. Jini ne ke daskarewa a jijiyoyin huhu, shi ya sa ake fara allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, da wuri.

Jinkiri ma na kisa. Sai ka ga oksijin ɗin mutum ya faɗi ƙasa da kashi 90 yana ta hira abinsa, dangi su ce ai da sauƙi.

A wani gwajin magani da aka yi a Birtaniya, deksametason (maganin rage kumburi) miligiram 6 kullum har kwana 10 ya rage mutuwar masu na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai yana tayar da suga, don haka dole a riƙa aunawa akai-akai, a daidaita da insulin.