Matar da Na Tsana Kafin In San Sunanta: Aikin Margo Martindale

Na fara ganin Margo Martindale shekaru da dama kafin in san sunanta, kuma abin da na fara ji game da ita shi ne ƙiyayya tsantsa. A cikin fim ɗin Million Dollar Baby na shekarar 2004, wanda Clint Eastwood ya ba da umarni, ita ce ta fito a matsayin Earline, mahaifiyar Maggie, 'yar damben da Hilary Swank ta taka rawarta. Maggie ta tara kuɗin da ta samu da gumi da jini ta saya wa mahaifiyarta gida, amma maimakon ta sa mata albarka, sai uwar ta hau ta da faɗa, tana cewa wannan gidan zai sa gwamnati ta yanke mata kuɗin tallafin da take karɓa, har ta ƙara da cewa mutane dariya suke yi idan suka ji sana'ar da 'yarta ta zaɓa. Daga baya, bayan Maggie ta samu mummunan rauni a fagen dambe jikinta ya shanye, uwar ta zo asibiti tare da lauya, bayan ta gama yawon shaƙatawa a wuraren wasanni, ta sa wa 'yarta alƙalami a baki domin ta rattaba hannu a takardar da za ta mallaka musu dukiyarta. Na tuna cewa na dakatar da faifan a daidai wannan wuri, na miƙe na fita tsakar gida saboda ɓacin rai.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar guda 4, ciki har da ta Hilary Swank da ta Morgan Freeman, kuma babu wanda ya ambaci matar da ta fito a matsayin uwar. Ni kaina ban tsaya duba sunanta a jerin sunayen ƙarshen fim ba, domin a lokacin ban ɗauke ta a matsayin 'yar wasa ba, na ɗauke ta muguwar mata ce kawai wadda aka samo daga wani ƙauye aka ajiye a gaban kyamara. Sai daga baya na gane cewa wannan kuskuren nawa shi ne babbar shaidar ƙwarewarta. Mu ma a nan mun san irin haka, domin marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta daɗe tana fitowa a matsayin muguwar uwa ko kishiya, har wasu masu kallo suka riƙa zaton halinta ne na gaskiya.

An haifi Margo Martindale ranar 18 ga Yulin 1951 a Jacksonville, wani ƙaramin gari a gabashin jihar Texas. Ta fara karatu a kwalejin Lon Morris da ke garinsu, sannan ta wuce Jami'ar Michigan, kuma ta shafe shekarun ƙuruciyarta tana wasan kwaikwayo a kan dandamali, inda ɗan wasa ke maimaita rawa ɗaya dare bayan dare a gaban mutanen da yake jin numfashinsu. A shekarar 1987 ita ce ta fara fitowa a matsayin Truvy, mai shagon gyaran gashi a wani gari na jihar Louisiana, a wasan Steel Magnolias na Robert Harling, lokacin da aka fara nuna shi a wani ƙaramin gidan wasa a New York. Wasan ya karɓu ƙwarai, amma da aka zo mayar da shi fim a 1989, sai aka ba mawaƙiya Dolly Parton wannan rawar. Ban ga laifin Dolly Parton ba, kuma na fahimci lissafin masu zuba kuɗi, waɗanda ke neman sunan da zai jawo mutane zuwa gidan sinima. Duk da haka abin yana taɓa ni, domin wadda ta fara ba wannan matar murya da tafiya da dariya, ita aka bari a baya ranar da kuɗi da suna suka shigo.

Tana dab da cika shekara 40 ta fara samun shiga manyan finafinai, kuma a cikin shekarun 1990 ta yi aiki kusa da kusan duk wani babban suna na lokacin. Ta fito tare da Tom Cruise a Days of Thunder da The Firm, tare da Paul Newman a Nobody's Fool, sannan tare da Susan Sarandon a Dead Man Walking na 1995. Sakatariya, mai sayar da abin sha, maƙwabciya, ma'aikaciyar coci: irin matan da labari ke bi ta kansu ya wuce ke nan, kuma su ta yi ta fitowa a matsayinsu har tsawon shekara 20.

Ya kamata a fahimci yadda wannan aikin yake, domin ya sha bamban da na babbar jaruma. Jaruma tana da watanni na shiri, an rubuta labarin a kanta, kuma tana da fitowa da yawa da za ta nuna sauyin halin wadda take kwaikwaya sannu a hankali. Mataimakiya kuwa sai ta je gwaji ta yi takara da wasu mata masu kama da ita, idan ta dace a ɗauke ta aikin kwana biyu ko mako guda, a biya ta bisa ƙa'idar ƙungiyar 'yan wasa, sannan ta isa wurin ɗaukar fim ta tarar da mutanen da suka riga suka saba da juna. Sau da yawa babu lokacin maimaitawa. Dole ne ta zo da matar a shirye, da tarihinta da yadda take zama da yadda take riƙe kofi, ta yadda daga shigowarta ɗaki mai kallo zai yarda cewa wannan matar tana raye tun kafin a fara fim ɗin kuma za ta ci gaba da rayuwa bayan an gama. Idan ta gaza, babbar jarumar ma sai ta zama kamar tana magana da bango, domin kukan Maggie ba zai ratsa zuciyar kowa ba in da ba a yarda da uwar da ta sa ta kukan ba.

A 2004 aka sa sunanta cikin masu takarar kyautar Tony, wadda ita ce babbar kyautar wasan dandamali a Amurka, saboda rawar Big Mama da ta taka a wasan Cat on a Hot Tin Roof na Tennessee Williams. Bayan shekara biyu kuma darakta Alexander Payne ya ba ta abin da ba a saba ba ta ba, wato labari nata ita kaɗai, ko da yake na 'yan mintoci ne. A kashin ƙarshe na fim ɗin Paris, je t'aime na 2006 ta fito a matsayin Carol, mai rarraba wasiƙu daga birnin Denver, wadda ta tara kuɗi ta je birnin Faris ita kaɗai, tana ba da labarin tafiyar da Faransancinta na 'yan koyo. A ƙarshe ta zauna a kan benci a wani lambu tana cin burodi, tana kallon mutane, sai wani abu ya taso mata wanda farin ciki ne haɗe da baƙin ciki. Kyamara ta tsaya a kan fuskarta, ba ta yi kuka ba kuma ba ta yi murmushi sosai ba, amma duk wanda ya taɓa zama baƙo shi kaɗai a garin da ya daɗe yana mafarkin gani zai gane abin da ke wannan fuskar.

Rawar da ta sauya mata rayuwa ta zo ne a 2011, a zango na biyu na shiri mai dogon zango Justified na tashar FX, wanda aka gina a kan wani gajeren labari na Elmore Leonard. Labarin yana faruwa ne a gundumar Harlan ta jihar Kentucky, yankin tsaunuka da haƙar kwal da talauci, kuma ta fito a matsayin Mags Bennett, uwar 'ya'ya maza uku, mai ɗan kanti a bakin hanya, wadda a ɓoye ita ke riƙe da noman tabar wiwi na yankin baki ɗaya. A kashin farko ta ziyarci wani mutum mai suna Walt, wanda ya kai ƙara wajen hukuma maimakon ya kawo mata kukansa. Ta zuba masa giyar gida da take haɗawa da tuffa, suka sha tare, sai da ya fara jin jikinsa ta gaya masa cewa gubar a cikin kofinsa take tun farko. Abin da ya girgiza ni shi ne yadda ta riƙe hannunsa yana mutuwa, tana lallashinsa da murya mai taushi irin ta uwa, tana yi masa alkawarin za ta riƙe 'yarsa Loretta kamar ita ta haife ta, kuma ta cika alkawarin. Tana taje wa yarinyar kai da ƙauna ta gaskiya, ita ɗin da ta farfasa hannun ɗanta Coover da guduma saboda ya saɓa mata.

Akwai wurin da ta miƙe a taron jama'ar gari ta yi jawabi a kan kamfanin haƙar kwal da ke son sayen filayensu, tana tuna musu yadda baƙi suka sha zuwa su kwashe arzikin tsaunukan su bar musu gurɓataccen ruwa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, har mai kallo ya ji yana tare da ita, alhali kuwa ta riga ta saye filayen da kamfanin ke buƙata domin ta sayar masa da tsada. 'Yar wasa mai ƙaramar basira da ta ɗan kashe wa mai kallo ido domin ya san yaudara ce. Martindale ta yi jawabin da dukan zuciyarta, domin ta fahimci cewa Mags ta yarda da kowace kalma a daidai lokacin da take cin amanar masu sauraronta. A ƙarshen zangon, bayan ta rasa 'ya'yanta biyu, ta sha irin gubar da ta ba Walt, ta roƙi jami'in tsaro Raylan Givens, wanda Timothy Olyphant ya fito a matsayinsa, ya riƙe mata hannu. Sai da na kai tsakiyar zangon na duba sunanta, na tarar ashe ita ce uwar Maggie da na tsana shekarun baya.

A watan Satumban 2011, tana da shekara 60, ta karɓi kyautar Emmy, wadda ita ce babbar kyautar shirye-shiryen talabijin a Amurka, a rukunin mataimakiyar jaruma saboda wannan rawar, kuma a jawabinta ta faɗi cewa wasu abubuwan sai da lokaci suke zuwa. A masana'antar da ta saba jingine mata da zarar sun wuce shekara 40, ita a wannan shekarun aikinta ya buɗe. Ina ganin akwai dalili bayan sa'a: a wancan lokacin tashoshin talabijin na biyan kuɗi sun fara yin shirye-shirye masu zurfi waɗanda ke ba ƙananan taurari sa'o'i da yawa, abin da fim na awa biyu ba zai iya ba, kuma da damar ta zo ta same ta da gogewar shekara 30 a hannu.

Daga 2013 zuwa 2018 ta fito a The Americans a matsayin Claudia, jami'ar hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat, wato KGB, mai kula da wasu ma'aurata 'yan leƙen asiri da ke zaune kusa da birnin Washington a zamanin Shugaba Reagan. A waje tsohuwa ce mai kama da kakar kowa, a ciki kuma mace ce da yaƙin duniya na biyu ya ƙeƙasar da zuciyarta, wadda ba ta taɓa shakkar abin da take bauta wa ba. Wannan rawar ta kawo mata Emmy biyu a jere, a 2015 da 2016, duk da cewa fitowarta a waɗannan zangunan ba ta da yawa. Daga nan ayyuka suka yi ta zuwa: ta fito tare da Meryl Streep a August: Osage County, ta fito a matsayin 'yar majalisa Bella Abzug a Mrs. America na 2020, har shirin zane na BoJack Horseman ya sa ta ta yi muryar kanta, yana wasa da yadda mutane suka san fuskarta amma suke kasa tuna sunanta.

Kwanan baya na sake kallon wurin nan da Maggie ta kai mahaifiyarta sabon gidan, wannan karon idona a kan uwar kaɗai. Na lura da abin da ya wuce ni a kallon farko, wato yadda idanunta ke yawo a cikin ɗakunan tun kafin ta buɗe baki, da yadda jikinta ya ƙi sakewa, kamar wadda aka shigar da ita wurin da ta san ba nata ba ne. Tsoro ne ke fitowa a matsayin faɗa, tsoron matar da ta rayu a kan ɗan abin da gwamnati ke ba ta, wadda ba ta san yadda ake karɓar alheri ba, balle alherin da ya fito daga hannun 'yar da ta raina. Har yanzu ban yafe wa Earline abin da ta yi a asibiti ba, amma a wannan kallon ban dakatar da fim ɗin ba, sai ma na mayar da shi baya na sake duban fuskarta a lokacin da Maggie ke nuna mata gidan.