Burtsatse ya yi yawa, ruwa ya yi kaɗan

Babban darasin da aikin ruwa ke koya wa mutum a Arewa shi ne gwamnatocin jihohi suna lissafin yawan rijiyoyin burtsatsen da suka haƙa, amma da wuya ka sami wadda ta san yawan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarta. Dokar albarkatun ruwa ta tarayya ta 1993 tana nan a takarda. A aikace kuwa, duk mai kuɗi zai kira masu injin haƙa su huda ƙasa a ƙofar gidansa, babu lasisi, babu rajista.

Ƙasar Kano da Zariya dutse ne a ƙarƙashi. Ruwan yana taruwa ne a saman dutsen inda ya rududduge, da cikin tsagoginsa, galibi kafin zurfin mita 60. Idan ba a dace da tsagi ba, ƙara zurfi asarar kuɗi ce. Shi ya sa biyan ɗan kwangila bisa yawan mitocin da ya haƙa yake da illa, domin zurfin yake nema, ruwan bai dame shi ba.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne gwajin ƙarfin rijiya. Kamata ya yi a ja ruwa awa 24 babu tsayawa, ana auna yadda yake sauka, sannan a kashe injin a auna saurin dawowarsa, kuma a yi hakan da bazara lokacin da ruwa ya fi ja da baya. Rijiyar da ke ba da rabin lita a daƙiƙa, wato lita 1,800 a awa, idan aka zura mata injin da ke jan lita 5,000 a awa, zai tsotse ta, ya ci gaba da juyawa babu ruwa har ya ƙone. Sai a ce rijiya ta ƙafe, alhali injin ne ya fi ƙarfinta.

Sauran kurakuran ƙanana ne a ido: rashin zuba tsakuwa a kewayen bututu, wanda ke kawo yashi cikin ruwa, da rashin toshe mita biyar na sama da siminti, da haƙawa kusa da masai ba a bar tazarar mita 30 ba.

Borno ta isa misali na illar sakaci da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rijiyoyi masu zurfi da aka haƙa a yankin Tafkin Chadi tun shekarun 1960 ruwa ke fitowa da kansa, aka bar da yawansu suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu ya yi ta raguwa.

Kowace jiha tana bukatar rijiyoyin da aka keɓe don auna matakin ruwa duk wata, da dokar da za ta tilasta wa mai haƙa ya miƙa bayanin zurfi da irin ƙasar da ya ratsa da sakamakon gwaji kafin a biya shi. Kuɗin gyara kuma a sa shi cikin kasafi tun ranar da aka ba da kwangilar, domin robar famfon tuƙa-tuƙa mai ɗan kuɗi kaɗan tana iya mayar da unguwa guda hannun 'yan garuwa na tsawon watanni.