Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makullan Majami'a

Makon jiya na tsaya a ranar da takardar da ta kira ni in bar ikilisiyar da nake fasto ta iso. Kwana uku ta yi a cikin Littafi Mai Tsarki na, ban nuna wa kowa ba. Maman yara da kanta ta gano, don ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na durƙusa addu'ar asuba na yi shiru ba. Da ta karanta sai ta ce, "Maigida, gidan yari?" Na ce i, hidimar fursunoni aka kira ni. Ta ninke takardar ta mayar inda take, ta ce, "To, sai ka shirya wa dattawan ikilisiya."

Mu tara ne a ɗakin ranar da na sanar. Na gama magana kowa ya sunkuyar da kai. Can sai Baba ma'aji ya ɗago ya ce, "Ashe, Fasto, kai ɗan ƙodago ne."

Wanda ya san Yohanna sura 10 ya san inda ya soke ni. Ɗan ƙodago shi ne wanda tumakin ba nasa ba ne, da ya hango kyarkeci sai ya watsar da su ya gudu. To ni ina kyarkecin da na gani? Lokacin da kyarkeci ya zo da gaske, shekarar da ikilisiya ta rabu biyu har kujeru suka fi mutane yawa, ina nan. Wata bakwai ban karɓi albashi ba, kuma shi ne ma'aji, ya fi kowa sani. Da iska ta yaye rufin majami'a, ni da matasa muka hau. Da matarsa ta kwanta ciwon ajali, ni na kwana a bakin gadon, shi yana waje ya kasa shiga. Duk wannan yana bakina, amma na haɗiye. Na ce, "Baba, na ji."

Har yau ina tunanin da na faɗa. Ya rasu bai san irin ciwon da maganarsa ta yi mini ba, ko kuwa ya sani, Allah masani.

Abin da ya riƙe ni a makonnin nan labarin Filibus mai bishara ne, a Ayyukan Manzanni sura 8. Yana Samariya, jama'a na tururuwa, gari ya cika da murna, sai aka ce ya tashi ya bi hanyar hamada da ta gangara daga Urushalima zuwa Gaza. Saboda mutum ɗaya, wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha. Da mutanen Samariya sun kira shi ɗan ƙodago, da sun yi masa adalci? Na sha karanta wa kaina wannan, wani lokaci da tsakar dare.

Lahadin ban kwana na ɗauki Ayyukan Manzanni sura 20, inda Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militus. Shi shekara 3 ya yi da su, ni na yi 11. Da na iso wurin da suka rungume shi suna kuka saboda ya ce ba za su ƙara ganin fuskarsa ba, murya ta ƙi fita. Mawaƙa ne suka rufa mini asiri, suka ɗauki waƙa ba tare da an ce su ɗauka ba.

A bakin ƙofa Kaka ta kama wuyan hannuna. Kun tuna ta, wadda na ba ku labarin baftismarta tana da shekara kusan tamanin. Hannunta ba nama sai jijiya, amma ta riƙe ni gam. Ta ce, "Ɗana, wa zai binne ni?" Na ce, "Kaka, ko ina nake zan zo." Ban zo ba. Saƙon ya same ni bayan kwana huɗu, an riga an rufe ta. Ranar na zauna a ƙofar ɗaki, maganar Baba ma'aji ta dawo mini sabuwa fil, kuma a ranar kam ban iya kare kaina ba.

Na yi gaba da labari. Washegarin Lahadin nan na kai kayan ikilisiya ofis: rajistar baftisma, littafin ɗaurin aure, hatimi, da makullai shida da Maman yara ta ɗaure da ƙyalle tun zuwanmu. Sabon fasto bai iso ba tukuna, don haka Baba ma'aji ne zai karɓa. Ya kwance ƙyallen ya miƙo mini, ya ƙirga makullan ɗaya bayan ɗaya a gabana, sannan ya sake ƙirgawa. Na miƙa masa hannu, ya karɓa da yatsu biyu.

Ƙyallen yana nan cikin akwatina. Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar farko da aka rufe ƙofar ƙarfe a bayana.