Gasar dawakai ta yara a Jidda: inda son kai yake ɓuya

Tsallaken shinge a kan doki wasa ne da bai kamata hukuncinsa ya jawo gardama ba, domin ƙa'idarsa a fili take. A dokar hukumar wasan dawakai ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, idan doki ya kayar da sanda ana rubuta wa mahayi kuskure 4, turjiya ta farko ma 4, turjiya ta biyu kuwa tana fitar da shi daga zagayen, haka nan faɗuwar mahayi ko ta doki. Sanda ba ta san ɗan wane ba. Idan ta faɗi kowa ya gani.

Saboda haka rashin adalcin da iyaye suke kuka da shi a ƙananan gasa na kulob-kulob da ke bayan gari ba a kan sanda yake ba. Yana ɓuya ne a wuraren da aka bar wa alƙali ya auna da idonsa. Doki ya kauce wa shinge ya yi kewaye, wanda a doka daidai yake da turjiya, sai a ƙirga wa wani yaro, a kau da kai ga wani. An kaɗa ƙararrawa, daƙiƙa 45 da doka ta ba mahayi kafin agogo ya fara tafiya sun wuce, amma ana jiran ɗan mai doki ya gyara likkafa. Rukunin yara a tsarin FEI daga shekara 12 ne zuwa 14, amma sai ka ga saurayi mai gashin baki a cikinsu, kuma ba wanda ya nemi takardar shaidarsa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mai horar da wasu daga cikin yaran yakan zama shi ne alƙali a ranar. Ko da mutumin kirki ne, an ɗora masa nauyin da bai dace ba.

Filin motsa dawakai kafin shiga gasa ya fi ko'ina buƙatar mai sa ido, kuma nan ne aka fi sakaci. A can ake zabga wa doki bulala fiye da kima, a can ake sukarsa da ƙaimi har ya ji ciwo, a can yaro yake cire hular kwano saboda zafi. Idan wani ya yi magana sai a ce, “Malam, yara ne, a yi haƙuri.” Wannan haƙuri kuwa ba ya zagayowa kan kowa daidai. Yaranmu Hausawa, waɗanda yawancinsu dokin haya na kulob suke hawa, su ne ba su da wanda zai tsaya musu a bakin shinge, don haka duk sassaucin da aka yi wa wani, daga rabonsu aka yanka.

Ƙasar nan, Saudiyya, ta ga yadda doka take hawa kan manyan mahayanta. A 2012 an dakatar da Khalid Al-Eid, wanda ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, tare da Abdullah Sharbatly, bayan an sami maganin kashe raɗaɗi a jinin dawakansu. Sun ɗaukaka ƙara, kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin daga wata 8 zuwa wata 2, Sharbatly kuma ya je gasar Olamfik ta Landan yana cikin tawagar da ta ci tagulla. An hukunta, an yi ƙorafi ta hanyar da doka ta tanada, an saurara.

Wannan hanya ce iyayenmu ba su cika bi ba. A tsarin FEI, ƙorafi kan sakamako a rubuce ake miƙa shi, cikin minti 30 bayan sanarwa. Mu kuwa sai mun shiga mota muke fara mita, lokacin da alƙalai sun riga sun sa hannu a takarda sun tashi.