Na ɗauka gajiya ce, ashe kunnena ke lalacewa

Shekara da shekaru ina tuƙa tarakta, ina kuma wuni a bakin injin sussuka, ban taɓa rufe kunnena ba. Idan na kwanta da dare sai in ji wani siririn kuka a cikin kunne, kamar na gyare. Nakan ce gajiya ce, kafin asuba ya tafi. Wata rana ya ƙi tafiya.

Abin da ya kai ni asibiti kuwa ƙaramar 'yata ce. Tana tsaye ta hagu da ni tana ta kiran "Baba, Baba," ban ji ba sai da ta ja mini riga. Har yau idan na tuna yadda ta kalle ni raina yana sosuwa.

Gwaji ya nuna kunnen hagu ya fi taɓuwa. Likita ya ce haka ake yawan gani a wurin masu tarakta: mutum yana waiwayawa ta kafaɗar dama yana duba garma, kunnen hagu na fuskantar inji. Can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma siririyar murya irin ta yara ce ke fara ɓacewa. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), awa 8 ce iyakar zama a cikinta a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi, har a kan 100 minti 15 kacal ya rage. Tarakta marar rufi takan haura 90. Ko babu na'urar awo, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke dab da kai ya ji ka, ƙarar ta wuce kima.

Da auduga na fara, ashe ba ta tare wani abin kirki. Toshin kunne na soso shi ne ya yi aiki, shi ma sai da na koyi sa shi. Ka murza shi ya sirance, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka danne da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Na yi fargabar ba zan ji ba idan inji ya sauya kuka. Ina ji sarai.

Na sauya salansar da ta fashe, na ɗaure ƙarafan da ke kaɗawa, masu taya ni aiki kuma yanzu karɓa-karɓa suke yi a bakin inji. Kukan gyaren yana nan, kuma 'yata ta saba zagayowa ta dama in za ta yi mini magana.