Kafin ku ce wa ma'aikaci "aikin Allah ne"

Ku matasan da kuka fara riƙe ragamar ƙungiyoyin agaji a Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin, musamman 'ya'yanmu na unguwannin Hausawa waɗanda yaƙin da ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗora wa nauyi tun kafin su shirya masa, ina so in yi muku magana a kan albashi. Na san magana ce mai nauyi a baki a wannan aiki namu, domin an saba kallon wanda ya tayar da ita a matsayin mai kwaɗayi a inda ake neman lada. Na daɗe ina shugabantar wata ƙaramar munazzama, wato ƙungiyar agaji, mai aikin lafiya da ruwan sha a jihar Gadarif, kuma yawancin ƙwararrun da suka bar ni, ni ne na nuna musu ƙofa ba tare da na sani ba.

Kuskurena mafi girma ya faru ne a 2021. Kafin watan Fabrairun shekarar, dalar da masu ba da tallafi suke aiko mana ana canza ta ne a banki a kan farashin gwamnati, fam 55 na Sudan a kan kowace dala, alhali a kasuwar bayan fage ta haura 300. Da Babban Bankin Sudan ya karya darajar kuɗin ya mayar da dala kimanin fam 375, sai kowace dala da ta shigo asusunmu ta koma kusan ninki bakwai na abin da take ba mu a da. Kwantiragin ma'aikata kuwa da fam aka rubuta shi tun farkon shekara, kuma ban taɓa shi ba. Na zuba rarar a sayen magani da gyaran famfunan tuƙa-tuƙa, na rubuta rahoto mai kyau, aka yaba mini. A watan Yulin wannan shekara hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari, wato albashin da yake riƙe gida a Janairu ya koma kuɗin cefanen 'yan kwanaki.

A cikin waɗannan watanni ne ungozomarmu, wadda matan ƙauyuka suka fi yarda da hannunta, ta shigo ofishina bayan la'asar da takarda a ninke. Ta jera farashin gurasa da sukari da gawayi da kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, zuwa wurin aiki, na watan jiya a gefe guda, na wannan wata a ɗaya gefen. Ta ce, "Ustaz, ban zo roƙo ba, lissafi na kawo ka duba." Na amsa mata da abin da na saba amsawa: "Ki yi haƙuri, 'yata, aikin Allah muke yi, ladan yana gaba." Ba ta yi musu ba. Ta sake ninke takardar, ta ɗaure ta a gefen tob ɗinta, wato mayafinta, ta yi sallama, kuma kafin kaka ta kama aiki a wani wuri. Maganin da na saya da rarar yana nan jibge a sito, amma matan da suke zuwa awo saboda ita sun ragu, wadda ta gaje ta kuma sai da ta daɗe kafin ta san hanyoyin ƙauyukan da damina take yankewa.

Lada gaskiya ne, ba na jayayya da shi, amma tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kuma shugaban da ke karɓar albashinsa cikakke ba shi da hurumin biyan wani da shi. Addinin da nake fakewa da shi ma ya yi umarni a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Saboda haka idan tallafinku da dala ko yuro yake zuwa, ku ƙayyade albashi da wannan kuɗin, a biya da fam a kan farashin ranar biya. Idan mai tallafi ya ƙi, ku sa sharaɗi a rubuce cewa za a sake duba albashi duk bayan wata uku, kuma ku nemi wannan tun kafin sa hannu, domin bayan an sa hannu roƙo kawai ya rage.

A wancan lokaci ina da wanda nake ɗora wa laifi. Tun Nuwamban 2020, da 'yan gudun hijirar yankin Tigray na Habasha suka tsallako ta garin Hamdayet da ke kan iyaka aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, sannan aka buɗe na Tunaidba, manyan ƙungiyoyin ƙasashen waje sun cika Gadarif suna neman akawu da direba da ma'aikacin jinya, da albashin da ba za mu iya kusantarsa ba. Na yi ta cewa sun kwashe mana mutane. Daga baya, da na zauna da wasu daga cikin waɗanda suka tafi, sai na ji abin da ban so ji ba: da yawansu sun ce da sun zauna a kan kuɗin da bai kai na can ba, in da suna da tabbas. Abin da ya gajiyar da su shi ne kwantiragin wata uku-uku, da zaman jiran sabon tallafi babu ko sisi alhali ana sa ran su riƙa zuwa ofis, da albashin da ba a san ranar fitarsa ba.

Akwai kuma wata dabara da na yi wadda nake jin kunyarta har yau. Domin kasafinmu ya yi sauƙi a idon masu tallafi, na rubuta mutanen da ke aiki daga safe zuwa yamma, shekara da shekaru, a matsayin 'yan sa-kai masu karɓar hafiz, wato ɗan abin ƙarfafa gwiwa. Da haka na kauce wa inshorar zamantakewa, wadda take cin kashi 25 cikin ɗari na albashi, 17 daga ƙungiyar da ta ɗauki mutum aiki, 8 daga ma'aikaci. Na kuma kauce wa kuɗin sallama da dokar ƙwadago ta 1997 ta tanada, wato albashin wata guda a kan kowace shekara ga wanda ya cika shekara uku yana aiki, adadin kuma yana ƙaruwa bayan shekara goma. Ranar da direbanmu ya kwanta ciwo, babu takardar da ta nuna shi ma'aikaci ne, sai karo-karo muka yi masa kamar baƙo. Lissafin ba shi da wuya: a kan kowane fam 100 na albashi ku ƙara 17 na inshora da kimanin 8 na sallama, ku rubuta su ɓaro-ɓaro a cikin kasafin da za ku miƙa. Kuɗin sallamar ku ware shi wata-wata, kuma in banki da mai tallafi sun yarda ku ajiye shi a asusun kuɗin waje, don kada ya narke kafin ranar buƙatarsa.

Kada tsoron a ce kun yi tsada ya hana ku. Na rage kuɗin ma'aikata sau da yawa tun kafin wani ya nemi in rage, don kawai in nuna mu masu tsantseni ne. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi da kansu suka yi alkawarin kai kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida, kuma ba a cika shi ba. Wanda ya tuna musu bai yi rashin kunya ba. Ku nemi kason kuɗin gudanarwa kamar yadda manyan ƙungiyoyi suke karɓa, domin da shi ake riƙe akawu da mai gadi tsakanin ƙarewar wani aiki da farawar wani. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Wasu abubuwan ba sa cin kuɗi. Ku rubuta matakan albashi kowa ya gani, domin a cikin jama'a irin tamu, inda ɗan ƙanwar shugaba da surukin ma'aji suke ofis ɗaya, ɓoye albashi zargi yake haifarwa ko da babu son kai, ni kuwa nawa da son kan a ciki. Ku tuna cewa ma'aikata da yawa a Gadarif suna da gona ko hannu a gonar gidansu, kuma riɗi ba ya jiran kowa idan ya nuna. Hutun da na hana a lokacin yankansa ya jawo mini ƙaryar rashin lafiya, da na tsara shi bi da bi kuwa sai ƙaryar ta ƙare.

Yaƙi ya ƙara wa wannan magana nauyi. Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, wanda albashinsa yake cikin Bankak, manhajar banki ta wayar salula, ya kasa taɓa shi, saboda haka ku tanadi hanya ta biyu ta biya tun kafin a shiga irin wannan hali, ku kuma amince da ma'aikata a kan wanda za a miƙa wa haƙƙinsu a cikin iyali idan hanya ta raba ku. Matasan da ke dafa abinci a takiyya, wato wuraren ciyar da jama'a kyauta, kuwa, ko da sun ce don Allah suke yi, ku sa kuɗin motarsu da na katin waya da na magani a cikin kasafi, ku kuma rubuta musu takardar shaidar aikin da suka yi, da kwanan wata da hatimi, domin za su buƙace ta ranar da suka je neman aiki mai albashi.